Kakan Mai Katifa Ya Yi Soja

Ɓarayi ne suka jawo abin. Sun matsa wa layinmu lamba, yau a kwance injin ruwan wannan, gobe a kwashe shanyar wancan, har aka wayi gari an cire ƙyauren shagon Mai Aski ɗungurungum, aka bar masa kwaɗon a ƙasa, a kulle. Sai mazan layi suka zauna suka ce a kafa 'yan sintiri, a kuma zaɓa musu shugaba. Kowa ya san Mahauci za a ba. Ƙato ne, ba ya son yawan magana, kuma ko tari ya yi sai karnuka su canja hanya.

Ana shirin ɗaga hannu sai Mai Katifa ya miƙe.

Mai Katifa gajere ne mai tumbi, shagonsa na bakin layi, katifu jingine har rufi. Bai taɓa jin labari ya bar shi ya wuce ba tare da ya shiga ciki ba. In ka ce ka ga maciji, shi ya taɓa kwana da mesa. In ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai, nasa zazzaɓin sai da likitoci suka taru suna kallo.

"Jama'a," in ji shi, "tsaro ba girman jiki ba ne. Tsaro a jini yake. Ni nan da kuke gani jikan soja ne. Kakana Saje ne tun farkon zuwan Turawa. In aka fita yaƙi shi ke gaba, Bature na bayansa yana leƙe."

"Ikon Allah," in ji Mai Aski. "Shekara da shekaru ina aske kan nan, ban taɓa jin ƙarar bindiga a cikinsa ba."

Tela ya ce, "Ranar da ɓera ya shiga shagonka, wa ya haye saman katifu yana ƙwala wa matarsa kira?"

"Dabarar yaƙi ce. Soja tudu yake fara kamawa. Kai me ka sani ban da zare da allura?"

Aka yi dariya. Mahauci bai yi ba. Ya dubi Mai Katifa daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce, "Kawo shaida."

Aka ɗage zaɓe zuwa ƙarshen wata.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ninke kaya, ya ce daga yau Kwamanda za ta riƙa ce masa.

"To, Kwamanda, a matsa min daga kan zanen gado," in ji ta. "Ni dai tun da na shigo gidan nan, abin da na ga kun gada daga kakanku shi ne sanƙo."

"Za ki sha mamaki."

"Kullum cikin sha nake."

Ya fara bincikensa daga ɗakin shirgin da ke bayan gida. Ya wuni yana fito da karyayyun kujeru da tsoffin fitilu, yana atishawa, har ya ci karo da wani dogon ƙarfe mai tsatsa, mai baki a buɗe. Ya rungume shi kamar jariri, ya fito layi yana ihu an ga bakin igwar Saje. Mutane suka taru. Ya nuna musu baƙin hayaƙin da ke ciki, ya ce su shinshina, ƙamshin albarushi ne.

Makaniki ya karɓa ya juya shi. "Salansar babur ɗinka ce. Ni na cire maka ita da hannuna, ka ce in ba ka abinka kada in sayar."

"Kama ce kawai."

"Ga waldar da na yi mata nan."

Mai Katifa ya fizge ƙarfensa ya ce dama gwada su yake yi, ya ga ko akwai mai ido a layin.

Washegari ya saka babbar riga ya tafi gidan tarihi. Ma'aikaciyar da ke teburin shiga ta saurare shi da haƙuri, sannan ta tambayi sunan kakan nasa.

"Baba Tsoho."

"Sunansa na yanka nake nufi, Malam."

"Haba, baiwar Allah, wa ya isa ya kama sunansa? Ki duba Baba Tsoho kawai, za ki gan shi. Sananne ne."

Ta tambayi rundunar da ya yi aiki a ciki, ya ce babbar. Ta tambayi inda suka yi yaƙi, ya ce ko'ina. Ta ajiye alƙalaminta ta ce gaskiya da wuya, domin Turawan lokacin sun fi kula da rubuta sunayen dawakansu a kan na baƙaƙen da ke bin su. Amma akwai tsofaffin hotuna a zauren ciki, ya je ya duba.

A bango ya tarar da hoton. Bature zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalminsa na sheƙi. Bayansa sojoji a jere, gajeren wando da hula, kowa ƙafa ba takalmi. A tsakiyarsu wani dogo ya tsaya, gashin baki kamar ƙahon bijimi, kunnensa ɗaya a tsage, idonsa kamar zai fito daga cikin gilashin ya mari mutum.

Mai Katifa ya dafe ƙirji. "Baba Tsoho! Wallahi shi ne! Dubi tsayin nan, irin na gidanmu!"

Ma'aikaciyar, wadda ta biyo shi ciki, ta dube shi, ta dubi hoton, ta kau da kai don tana da tarbiyya.

Ya ɗauki hoton da wayarsa, sannan ya ja da baya don ya sara wa kakansa. Ya ƙame, ya buga ƙafa, ya wurga hannu sama. Gwiwar hannunsa ta daki mutum-mutumin sojan da aka tsayar a gefe. Mutum-mutumin ya yi tangaɗi, ya rusuno kansa, kan ya cire ya faɗo a kafaɗar Mai Katifa. Ƙarar da ya saki har masu gadin ƙofa sai da suka ji. Da suka rugo suka same shi a bayan ma'aikaciyar, ya riƙe gefen mayafinta yana salati. Suka raka shi har titi, kowa riƙe da hannu ɗaya.

A layi kuwa labarin da ya bayar shi ne, da jami'an wurin suka gane ko jikan wane ne, sai da suka yi masa rakiya ta girmamawa.

Ya kai wa Mai Hoto wayar, ya ce a ciro masa Saje shi kaɗai, a buga shi a ƙyalle mai girman ƙofa. Daga nan ya wuce wurin Tela ya ce a ɗinka masa kaki irin na hoton sak.

Tela ya zagaya tumbin da awo, awon ya ƙare bai haɗu ba. "Wannan sai dai a auna ka da igiyar shanya. Kuma ka lura sojojin nan ba su da takalmi. Kai da takalmi za ka fito?"

"Yadda kakana ya fita haka zan fita."

"Bature ne fa ya hana su."

"Ƙarya ne. Su suka ƙi. Takalmi na rage wa jarumi sauri."

Saura shaida mai rai. Akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, autar Baba Tsoho, wadda ya haifa da furfurarsa. Ta tsufa tukuf, kunnenta ya yi nauyi, tana zaune a gidan yayar Mai Katifa. Ya yi shekara bai leƙa ta ba, amma ranar ya shiga da ledar lemo yana washe baki. Ya durƙusa dab da kunnenta.

"Gwaggo! Baba Tsoho ya bi Turawa yaƙi?"

"Ya bi su mana."

"Shi ke gaba?"

"Kullum. In za a sauka, shi ake turawa ya riga kowa isa."

Mai Katifa ya juya ya dubi yayarsa, ido na ƙyalli. "Kin ji ko, Yaya?" Ya koma kunnen tsohuwa. "Bature na ji da shi?"

"Ai Bature ba ya cin abincin yamma sai ya ga Baba ya iso. In ya makara, duk sansanin sai an shiga uku. Abin da ya faru shi ne, wata rana yana gona..."

"Ya isa, Gwaggo! Ajiye sauran sai gaban jama'a!"

Yayarsa ta ce, "Kai dai ka bari ta ƙarasa. Tun kana yaro ba ka jin labari har ƙarshe."

"Yaya, ni da kakana za a ba ni labari?"

Ranar zaɓe Mai Katifa ya rufe layi da rumfa da kujerun roba. Ya ɗauko lasifika, ya rataye ƙyallen hoton a jikin shagonsa, ya lulluɓe shi da zanen gado. Maza suka cika kujeru, mata suka tsaya a ƙofofin gidaje. Aka zaunar da Gwaggo a gaba, yayarsa na gefenta. Rana ta take, kwalta ta yi zafi har tana walƙiya.

Sai ga shi ya fito daga shago. Jar hula, rigar kaki da maɓallanta ke neman agaji, gajeren wando da ya tsaya inda bai kamata ba, sandar goge-goge a kafaɗa a madadin bindiga. Ƙafa ba takalmi.

Takun farko ya yi shi da ƙarfi irin na fareti. A na biyu kwalta ta gaishe shi. Ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙone, ya ɗaga ta hagu, ta dama ta ƙone. Ya dinga tsalle yana hura iska ta baki, hular na rawa a kan sanƙo.

"Wannan fareti ne ko an taka wutsiyar kyanwa?" in ji Mai Aski.

"Saurin... saurin soja ne!"

Matarsa ta cillo masa silifas ɗinta daga ƙofar gida. Ya zura su ba musu, masu fure ne ja da ruwan hoda, ya ƙarasa gaban lasifika da su.

Jawabin ya yi tsawo. Ya ce kakansa ya ci garuruwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da linzamin dokin Bature don kada ya gudu. Ya ce harsashi in ya hango Saje kwana yake yi. Ya ce duk ɓarawon da ya ji wane jini ne ke tsaron layin nan, da kansa zai dawo da ƙyauren Mai Aski ya ɗaura. Sannan ya kama igiya ya ja don a ga hoto. Zanen gadon ya sauko gaba ɗaya ya rufe shi. Sai da Makaniki da Tela suka warware shi kamar ana kwance kaya.

Amma hoton ya fito, kuma ya yi kyau. Dogon Saje ya zura wa layi ido, har wasu suka gyara zama. Mai Katifa ya ga haka ya kumbura.

"Yanzu 'yar cikinsa za ta yi magana. Gwaggo, ga babanki!"

Aka kamo tsohuwa aka matso da ita, aka riƙe mata abin magana a baki. Ta ɗaga kai. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ƙara matsawa, ta daɗe tana kallon kunnen nan tsagagge. Sai ta tofar da yawu.

"Wa ya kawo wannan azzalumin nan?"

Lasifikar ta kai maganar har ƙarshen layi.

Mai Katifa ya yi dariyar yaƙe. "Tsufa ne, jama'a, idon ya..."

"Idona ƙalau. Wannan ai Saje Mai Tsagaggen Kunne ne. Na san shi da tsufansa a garinmu, yana zama a gindin bishiya ba mai gaishe shi. Shi ya kama Baba a gona, ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Shi ya zane shi da bulala har bayansa ya tashi, mun ga tabon da idonmu."

"Gwaggo, ba kin ce Baba Tsoho ya yi yaƙi ba?"

"Na ce ya bi su. Dako ya yi musu. Bahon wankan Bature yake ɗauka a ka."

Wani ya fara dariya daga baya, ya haɗiye.

"Kin ce shi ke gaba!"

"To da? In bai riga su isa ya dafa ruwa ba, Bature ya yi wanka da me? Mutumin nan ba ya cin abinci sai ya yi wanka. Garuruwa na ci da wuta, shi yana cikin baho yana kiran a ƙaro ruwan zafi."

Mai Katifa ya kai hannu zai kashe lasifika, ya murɗa wajen ƙara murya.

"Ranar da aka fara harbi na gaske," in ji Gwaggo, muryarta na amsa kuwwa a bangon gidaje, "Baba ya kifa bahon a kansa ya yanki daji. Bai tsaya ba sai gida. Da bahon aka yi wa ubanka wanka yana jariri, da shi aka yi min."

Nan fa layi ya fashe. Mai Aski ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Mata na tafawa a ƙofofi. Sai Mai Hoto ya taso da wayarsa a sama.

"Jama'a, akwai mai baho a asalin hoton! Yana can gefe. Shi ya ce in yanke shi, wai yana ɓata wa kakansa tsari."

Waya ta shiga hannu. Can a gefen hoton, bayan sojoji, ga wani gajeren mutum da ƙaton baho a ka, igiya a ƙugunsa, ya zaro ido kamar an ce masa ga ɓera. Tela ya dubi wayar, ya dubi Mai Katifa.

"Wallahi ko a duhu. Tumbin ne kawai babu."

Mahauci ya saki murmushi ya miƙe, alamar a zo a yi zaɓe a gama. Tsayuwar tasa ce ta ja idon Gwaggo. Ta ƙura masa ido, ta koma kan ƙyallen, ta dawo kansa.

"Kai, ɗan wane ne kai? Ba ubanka ne mai nama a bakin kasuwar garinmu ba?"

Murmushin ya ɗauke. "Shi ne, Gwaggo."

"To ai ga kakanka nan a rataye. Iyayenka ba su gaya maka ba? Da awakin da ya ƙwace wa mutane gidanku ya fara sana'ar nama."

Yawancin 'yan layin iyayensu daga gari ɗaya suka taso, kuma kusan kowane gida akwai labarin wani soja da ya zo ya kora dabbobi ya cinna wa rumbu wuta. Su dai 'yan layin ba su taɓa sanin fuskarsa ba.

"Ashe shi ne ya kwashe awakin kakarmu," in ji Tela a hankali.

"Mu rumbunmu ya ƙone," in ji Makaniki.

Mahauci ya ɗaga hannu biyu. Ranar aka san yana da baki. "Ni ban kawo shi nan ba! Ni na buga shi a ƙyalle? Wannan ne ya ce kakansa ne, gaban kowa ya faɗa. Ya riƙe abinsa!"

"Allah ya kiyaye!" in ji Mai Katifa. Ya fizgo ƙyallen daga bango ya tura wa Mahauci. "Ga kakanka nan, na bar maka har da kuɗin bugawa."

"Ba na so! Kai ka sara masa!"

"Kuskure ne! Kunnen ma irin naku ne!"

Suka dinga tura wa juna Saje, wannan ya cusa wa wancan a ƙirji, wancan ya maido, har ƙyallen ya naɗe ƙafar Mai Katifa, silifas mai fure ta zame, ya tafi da baya ya faɗa kan kujerun roba, suka watse da shi. Maɓallan kakin suka samu 'yancinsu a lokaci ɗaya.

Yana kwance yana nishi Gwaggo ta sa aka kai ta kansa. Ta zungure shi da sandarta. Ba abin magana a bakinta yanzu, amma an yi shiru, kowa ya ji.

"Kunyar me kake ji, sakarai? Su da yawa aka ɗaure a igiyar nan. Waɗanda suka tsaya, ko kabarinsu ba a sani ba. Shi ya gudu, ya dawo, ya haifi ubanka. Shi ne ka tashi ka yanke shi daga hoto, ka rataye wanda ya dake shi." Ta juya wajen yayarsa. "Kai ni gida, rana ta ishe ni."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Aka naɗe ƙyallen aka jefa bayan shago, don ba gidan da ya yarda ya karɓa. Shugabancin sintiri kuwa aka ba Makaniki, bisa hujjar cewa shi kaɗai ne ya san salansa in ya gan ta.

Muka ɗauka Mai Katifa zai yi wata bai fito ba. Matarsa ma ta ce ya shige ɗaki ya ja bargo, ko abinci bai taɓa ba.

Da safe sai ga shi a bencin Mai Aski, tafin ƙafafunsa shafe da man ƙuna, yana nuna wa wani baƙo waya.

"Ka ga wannan mai bahon? Kakana ne. Runduna guda ta bi shi, da dawakai, da bindigogi. Baho a kansa, na ƙarfe, mai nauyin mutum biyu. Ko ƙurarsa ba su gani ba. Kai, a tarihin soja kaf ba a taɓa yin mai gudu irin nasa ba."

Mai Aski ya tsayar da almakashi. "Wannan kam mun yarda. Mun ga jinin ranar ɓera."

"To ka gani," in ji Mai Katifa, ya gyara zama. "Dama me na ce muku? Abin a jini yake."